Yadda ake nemo malamin fat-taim da zai koyar da dokar tsara amfani da ƙasa a jami'a

Duk sashen da ke koyar da tsara birane yana da kwas guda da kowa ke gudu in an zo rabon aiki a farkon shekara, wato kwas ɗin doka. Malaman sashen yawancinsu 'yan taswira ne da lissafi da zane, ka ce wa mutum ya ɗauki sufuri ko gidaje zai karɓa hannu bibbiyu, amma da an ambaci doka sai kowa ya sunkuya yana latsa waya. Su kuma 'yan tsangayar shari'a nasu ɗaliban ma sun yi musu yawa. Ga shi kwas ɗaya tak a shekara bai kai a buɗe gurbin cikakken malami a kansa ba. To ƙarshenta dai na waje ake nema, mutum mai aikinsa wanda zai riƙa shigowa sau ɗaya ko biyu a sati ya yi lakca ya koma ofishinsa. Na zauna a kwamitin irin wannan ɗaukar fiye da sau ɗaya, mun dace a wani mun kwafsa a wani, shi ya sa nake so in zayyana yadda nake ganin ya kamata shugaban sashe ko ɗan kwamiti ya bi da abin.

Kafin ka rubuta sanarwa ko layi ɗaya, zauna da abokan aikinka ku amsa tambaya guda, wai shin waɗannan yaran me za su yi da wannan kwas in sun gama? Domin ba riga da gashin lauya za su sa ba. Mafi yawansu teburin hukumar tsara gari za su zauna, a kawo musu takardar neman izinin gini su duba su ce a bayar ko a hana, ko su rubuta takardar dakatar da gini, ko a tura su su liƙa sanarwar rusau, wasu kuma su koma ɓangaren masu gini suna shirya musu takardu. Abin da suke buƙata shi ne su iya yanke hukuncin da in an kai shi kotu ba zai rushe ba, su san wace doka ce ta ba su iko, iya ina ikon ya tsaya, wa ya wajaba a sanar, kwana nawa za a ba shi, a ina zai ɗaukaka ƙara, da kuma yaushe ne takura wa mai fili ta kai matsayin da sai an biya shi diyya. In kun rubuta wannan a takarda ɗaya, to kun gama rabin aikin ɗaukar, saboda da ita za ku auna kowa.

Mu karo na farko ba mu yi haka ba. Muka ga babban lauya mai suna, shekara ashirin da wani abu yana harkar filaye, ya ce yana sha'awar koyarwa, ai sai muka ga tsuntsu daga sama gasasshe, ko gwada shi ba mu yi ba. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, ba ya fashi, amma sati shida cur ya kwashe a kan cinikin fili da haya da jingina da yadda ake rubuta takardar sayarwa, abin da ya sani kenan kuma da shi yake ci. Ranar da na gane an yi ba daidai ba ita ce ranar da na shiga ajin situdiyo, wato ajin da ɗalibai ke zana tsarin unguwa a aikace, na miƙa wa ɗaliban nan wata takardar neman izinin gina gidan mai a jikin katangar makarantar firamare na ce su gaya min me za su yi, suka yi ta kawo min bayani a kan ko mai filin yana da sahihiyar shaidar mallaka, babu ko mutum ɗaya da ya tambayi me tsarin unguwar ya ware wa wannan wurin, ko wa ke da hurumin amincewa, ko an ji ta bakin maƙwabta. Kama da wane ba ta wane. Dokar mallakar fili tana amsa tambayar filin na wa ne, ita kuwa dokar tsarawa tana amsa me aka yarda ka yi a kansa ko da naka ne halak malak. Lauyoyi da yawa sun iya ta farko, ƙalilan ne suka taɓa ta biyu da hannunsu.

Abu na gaba, a tsayar da wane tsarin doka ne ƙashin bayan kwas ɗin, domin ƙasashe ba hanya ɗaya suka bi ba kuma malamin da ya goge a wani tsari zai iya rikita ɗaliban da za su yi aiki a wani. A Amurka kasa gari ake yi shiyya-shiyya tun farko, nan gidaje, can kasuwanci, can masana'antu, in abin da za ka gina ya dace da ƙa'idar shiyyar to haƙƙinka ne a ba ka izini. Birnin New York ne ya fara cikakkiyar dokar haka a 1916, sannan kotun ƙoli ta tabbatar da halaccin tsarin a 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, kamfanin da ke da eka 68 ya ce an karya darajar filinsa da aka hana shi sayar da shi don masana'antu, kotu ta ce hukuma na da wannan ikon. A Ingila kuwa dokar 1947 ce ta juya komai, ta mayar da 'yancin yin gini hannun hukuma, ta yadda kusan kowane sabon gini ko sauya amfanin wuri sai an nemi izini kuma a duba kowace buƙata da kanta, tsarin gari jagora ne amma jami'i da kansiloli na da damar auna wasu dalilai. Faransa nata kundin daban, da tsarin ƙaramar hukuma da dokar shekarar 2000 ta kawo. Najeriya ta gaji dokar tsara gari ta 1946 ta Turawan mulkin mallaka, sai dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, sai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, sai kuma kotun ƙoli a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, tarayya ba ta da ikon ɗora musu nata sai dai a Abuja. Ka ga malamin da zai shiga aji a can ya koyar da dokar 1992 kamar ita ce ke aiki a kowace jiha kai tsaye, to ya tsaya a bayan zamani da shekara ashirin da ɗoriya. Kowace ƙasa tana da irin wannan tarkon nata. Wanda za ka ɗauka dole ya san dokar wurin da ɗalibanka za su yi aiki yadda take a yau, sauran ƙasashen kuma ya kawo su don kwatance.

Daga nan sai ka leƙa ofishin ma'aikata da na kuɗi, kuma don Allah ka yi wannan kafin sanarwa ta fita. Ka tambaya mene ne mafi ƙarancin shaidar karatu da jami'arku ke karɓa ga mai koyarwa a wannan matakin, domin da yawa sai da digiri na biyu, wasu kuma suna karɓar gogewar aiki da rajistar ƙungiyar ƙwararru a madadinsa amma sai an rubuta hujja an sa a fayil. Ka duba abin da hukumar da ke tantance kwas ɗinku ke nema, kamar RTPI a Ingila, ko PAB a Amurka, ko TOPREC da NUC a Najeriya, saboda ranar da 'yan tantancewa suka zo fayil ɗin wannan malamin na waje yana cikin waɗanda za su buɗe. Sannan ka tabbatar an sa hannu a kan kuɗin, a rubuce. Babu abin kunya irin ka kira dattijo mai mutunci ya yi maka zango guda cur sannan ka fara yawo ofis-ofis kana neman wanda zai amince a biya shi.

Maganar kuɗi ta kawo mu lissafin awoyi, inda ake yawan cutar malaman fat-taim ba tare da an yi niyya ba. Kwas mai awa uku a sati, sati 15, awa 45 kenan a gaban allo, kuma yawanci a kan wannan kaɗai ake lissafa alawus. Amma kowa ya san aikin bai tsaya nan ba. Hukumar haraji ta Amurka ma a 2014 ta fitar da ma'aunin da makarantu za su iya amfani da shi, cewa kowace awa ɗaya ta aji a ƙirga ta awa biyu da kwata saboda shiri da makin, ban da awoyin ganin ɗalibai da mitin. In ka bi wannan ma'aunin, awa 45 ɗin nan ta haura 100. Kuma wannan ga wanda ya taɓa koyar da kwas ɗin ne, sabon shiga da zai haɗa komai daga tushe zai ci fiye da haka nesa ba kusa ba, balle kwas ɗin doka da makin ɗinsa duk rubutu ne, ba a yi masa zaɓi a cikin amsa huɗu in dai da gaske ake. Ba lallai ka iya ƙara kuɗin ba, sau da yawa ba a hannunka yake ba, amma aƙalla ka faɗa wa mutum gaskiyar nauyin da zai ɗauka, kar ka ce masa ai awa uku ce kawai.

Ita sanarwar a taƙaice take, amma abubuwan da mai aiki ke son gani su fito ƙarara. Wace rana, ƙarfe nawa, daga yaushe zuwa yaushe, ɗalibai nawa, 'yan wane aji ne, a aji za a yi ko ta intanet, akwai manhaja a ƙasa ko shi zai tsara, makin da jarrabawa a kansa suke ko akwai mai taimaka masa, yaya ake biya kuma yaushe. Rana da lokaci su ne kan gaba, saboda lauyan da ke zuwa kotu da safe ko jami'in da ke zama a ofis har la'asar, in ka sa masa lakca ƙarfe goma na safiyar Talata tun ba a fara ba ka kore shi. Yamma ko ƙarshen mako ya fi kama su, ko kuma a haɗe awa ukun a zama ɗaya. A wajen abin da ake buƙata ka rubuta ƙarara cewa ana son wanda ya yi aiki da dokar tsara gari da izinin gini, kar ka rubuta harkar filaye kawai, in ba haka ba takardun masu rubuta cinikin fuloti ne za su cika maka tebur. Ka nemi sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, da ɗan shafi ɗaya ko biyu na yadda mutum zai raba satittikan zangon, da sunan mutum biyu da za a tuntuɓa. Wannan ɗan shafin ya fi sibin faɗa maka gaskiya, nan take za ka ga wanda ya fara da ikon hukuma da wanda ya fara da dokar gado.

Kuma ka fara da wuri, wata huɗu zuwa shida kafin zangon, ba a fafe gora ranar tafiya. Liƙa sanarwa a shafin jami'a kaɗai ba ya kawo mutanen da kake so, domin su ba neman aiki suke ba, ba sa leƙa wurin. Sai ka bi su. Sashen shari'a na hukumomin tsara gari, ƙungiyar masu tsara birane, ƙungiyar lauyoyi, tsofaffin ɗalibanku da suka ƙara da karatun lauya daga baya, daraktocin da suka yi ritaya, mutanen da suka zauna a kwamitin sauraron ƙorafin izinin gini. Kowane iri da nasa. Lauyan hukuma ya san yadda ake kayar da hukuma a kotu domin shi ake kayarwa, sai dai yakan ɗauka hukuma ce mai gaskiya kullum. Lauyan masu gini ya san duk wata ƙofar baya, ajinsa akwai daɗi, amma lokacinsa tsada gare shi kuma shi ne ya fi saurin ɗaga lakca. Mai tsara birane da ya yi ritaya yana da lokaci da labarai, a bincika dai ko yana bin sauye-sauyen da aka yi bayan barinsa aiki. Ɗalibin digiri na uku ya karanta komai, bai taɓa tsayawa a gaban mai gidan da za a rushe ba. Ni in an bar ni da zaɓi, wanda ya haɗa biyun nake so, mai tsara birane da ya karanta doka ko lauyan da ya daɗe a cikin hukumar tsarawa, in bai samu ba to a raba kwas ɗin tsakanin mutum biyu, amma ɗaya ne zai riƙe jarrabawa da sakamako, in ba haka ba kowa zai ce ai wancan ne.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, wato intabiyu. Kwamiti na mutum uku ya isa, shugaban sashe, da wanda ke koyar da situdiyo, da mutum ɗaya daga tsangayar shari'a wanda zai gane in ana yi muku burga da Latin. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kowa ya rubuta makinsa kafin a tattauna. Amma hirar ba ita ce ma'auni ba, lauya ai magana ce sana'arsa, zai burge ku ko bai shirya ba. Gwajin koyarwa shi ne abin. A ba kowa maudu'i ɗaya sati guda kafin ranar, minti 20 zuwa 30, a kawo ɗalibai na gaske ko goma ne su zauna a gaba, ku kuma ku koma baya ku yi shiru.

Maudu'in da na fi so a bayar shi ne bambancin ƙwace fili da takura wa fili, domin a nan ake gane wanda ya fahimci abin. Ƙwacewa a fili take, hukuma ta karɓe don amfanin jama'a ta biya diyya, rigimar sai a kan mene ne amfanin jama'ar, kamar shari'ar Kelo ta 2005 inda kotun ƙolin Amurka da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu ta yarda birnin New London ya karɓi gidajen mutane don wani shirin bunƙasa tattalin arziki da 'yan kasuwa za su gina, abin ya tayar da ƙura har jihohi sama da 40 suka gyara dokokinsu, filin kuma ya yi shekaru babu abin da aka gina. Takurawa kuwa ita ce mai wuya, fili yana hannunka amma an hana ka yin abin da kake so da shi. Tun 1922 a shari'ar kamfanin kwal na Pennsylvania alƙali Holmes na kotun ƙolin Amurka ya ce in takurawar ta wuce gona da iri to ta zama ƙwace, sai dai bai faɗi ina gonar ta ƙare ba, har aka zo 1978 masu tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York suka so ɗora bene mai hawa sama da 50 a kanta aka hana su saboda ginin tarihi ne, suka je kotu suka faɗi. Malamin kirki ba zai tsaya jero waɗannan sunaye ba. Wanda muka ɗauka a karo na biyu, abin da ya yi shi ne ya zana fuloti a allo, ya ce wannan naka ne, an ce ka ja baya mita uku daga titi, a biya ka? Yara suka ce a'a. Ya goge ya ce to mita goma fa? Suka fara rabuwa. Ya ƙara ja har ya rage ɗan siririn wurin da ko ɗakin mai gadi ba zai ɗauka ba, ya ce yanzu fa? Aji ya kaure da gardama, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tana buga tebur, sai a lokacin ya kawo abin da kotuna suka ce da abin da dokar ƙasarmu ta tanada. Minti 25, bai buɗe kwamfuta ba. Muka dubi juna a baya, magana ta ƙare.

Abin da za ku lura da shi a gwajin, shin yana fassara kalmomin shari'a ko yana wurga su ne kawai, shin ya tambayi ɗaliban wani abu, in an yi masa tambayar da bai shirya mata ba yana cewa zan duba ko yana kame-kame, kuma shin ya taɓa taswira ko sau ɗaya. Mai koyar da dokar tsarawa da ba ya iya karanta taswirar unguwa, akwai matsala. Bayan an fita ku tambayi ɗaliban, su rubuta a 'yar takarda abu ɗaya da suka koya, in rabinsu sun rubuta abu iri ɗaya to ya koyar.

A hirar kuma ga irin abin da nake tambaya. Ba mu labarin wani hukuncin hukuma da kotu ta soke, me jami'in ya yi ba daidai ba? Wanda ya yi aikin zai ba ka uku a take, kuma kusan duk a kan bin ƙa'ida ne, ba a ba da sanarwa ba, ba a saurari mutum ba, ba a rubuta dalili ba, ko wanda ya sa hannu ba shi ne doka ta ba iko ba. Wace doka ko hukunci ne ya sauya a 'yan shekarun nan da dole ɗalibi ya sani? Yaya za ka koya wa ɗalibi iyakar damar da jami'i ke da ita ta yin hukunci da ra'ayinsa? A ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila ina sa ran jin sunan Wednesbury, shari'ar nan ta 1947 a kan gidan silima da aka ba izinin buɗewa ran Lahadi da sharaɗin kar a shigar da 'yan ƙasa da shekara 15, wadda daga ita aka samo ma'aunin cewa in an bi ƙa'ida kuma ba a wuce iko ba, kotu ba ta taɓa hukuncin hukuma sai in ya kai rashin hankalin da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke shi. Sai tambayar da mutane ke jin nauyin yi, in kotu ta sa maka zama ranar lakca, ya za ka yi? Wanda ya ce ai ba zai faru ba, kar ka yarda da shi. Wanda ya ce zai faru kamar sau biyu a zango kuma ga yadda zan rama, shi ne ya san kansa.

Akwai kuma maganar cin karo da buƙata, wadda a wannan kwas ɗin ta fi ta sauran kwasa-kwasai kaifi. Mutumin nan yana da shari'o'i a kotu yanzu haka, ko fayiloli a teburinsa, ƙila ma yana ƙarar hukumar da rabin ɗalibanka ke zuwa sanin makamar aiki, ƙila jami'ar kanta tana da rigimar fili da wanda yake wakilta, ƙila wani ɗalibi a ajin ma'aikacinsa ne a ofis. A tambaye shi, ya rubuta, a ajiye. A yi yarjejeniya cewa shari'ar da ba a gama ba ba ta shiga aji, takardun da zai kawo misali a goge sunaye da lambobin fuloti, kuma ba a sa ɗalibai su yi masa binciken ofishinsa da sunan asamen. In ma'aikacin gwamnati ne ya kawo izinin wurin aikinsa a rubuce, kar wata rana a ce ya yi aiki biyu a ɓoye ku ma ku shiga ciki.

Takardar ɗauka ta fita kafin ranar farko ta aji, ba bayanta ba. A cikinta a sa sunan kwas, ranar farawa da gamawa, yawan awoyi, kuɗi da lokacin biya, ranar miƙa tambayoyin jarrabawa da ranar miƙa sakamako, wa zai yi makin masu sake zama, da abin da zai faru in aka soke kwas ɗin saboda ƙarancin ɗalibai bayan mutum ya riga ya ɓata sati uku yana shiri. Wa ke da mallakar not ɗin da ya haɗa, shi ma a faɗa, ana rigima a kansa fiye da yadda kuke zato. Ranar ƙarshen kwantiragin kuma ta wuce ranar jarrabawa da 'yan satittika, domin sau da yawa sai an rufe wa mutum imel da shafin ɗora maki sannan a tuna bai ɗora ba.

In ya zo kar a nuna masa ƙofar aji kawai a watse. A Amurka kusan rabin masu koyarwa a manyan makarantu fat-taim ne, kuma kukansu a ko'ina kusan iri ɗaya ne, babu wurin zama, babu wanda ya san su, labari sai dai su ji a bakin ɗalibai. Abubuwan ƙanana ne, katin shaida, imel, shiga laburare da rumbun hukunce-hukuncen kotu na intanet in kuna da shi, tebur ko na aro ne inda zai ga ɗalibi, kalandar zango, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ƙa'idar raba maki, da abin da ake yi in an kama satar amsa. A haɗa shi da malami ɗaya na cikin gida wanda zai iya kira ba tare da jin nauyi ba, kuma ya fi kyau ya zama mai situdiyo, saboda in aka dace sai a ɗaura kwasa-kwasan biyu, unguwar da ɗalibai ke zanawa a situdiyo ita ce za su rubuta wa rahoton doka a ɗaya ajin. Jarrabawar ma ku zauna tare a kanta, ƙwararrun waje sukan yi ɗaya daga biyu, ko su tsananta kamar suna tantance lauyoyi ko su raba maki kamar sadaka. Tambaya mafi amfani ita ce a ba ɗalibi labarin buƙatar gini da taswira da sassan doka, a ce rubuta shawararka ga hukuma da dalilanka.

Wajen sati na huɗu ko na biyar ka shiga ajin ka zauna, amma ka sanar da shi tukuna, kar ya ga kamar samame ne. Ka duba rajistar halarta, nasa da na ɗalibai, ka ji ta bakin wakilin aji. In lakca biyu ta faɗi ba a rama ba, a yi maganar a lokacin, in ka bari sai sati na goma sha biyu to babu sauran wurin ramawa sai dai a cusa wa yara awa shida a rana ɗaya, wanda kowa ya san ba karatu ba ne.

Da an miƙa sakamako ka karɓi fayil ɗin kwas ɗin gaba ɗaya, manhaja da jerin shari'o'in da aka karanta da tambayoyi da yadda aka raba maki, ko da shi ɗin ne zai dawo, domin irin waɗannan mutanen ana yi musu canjin wurin aiki ko ƙarin girma ba zato. Ka bi masa kuɗinsa da ƙafarka har ya shiga. Sannan ka faɗa masa tun a lokacin ko kuna son ya dawo baɗi, a rubuce, tun kafin ya cika kalandarsa da zaman kotu.